Faya-fayan jaz da Baba ya bari: a sayar wa dillali ko a ajiye?

Wani matashi daga Fagge ya aiko mini da tambaya. Mahaifinsa ya rasu bara, da aka zo kwashe kayan ɗakinsa aka tarar da kwali biyu na faya-fayan garmaho a ƙarƙashin gado, sun kai saba'in. Yawancinsu na jaz ne, kiɗan nan na Amurka, ya ga sunaye irin su Miles Davis da Art Blakey da John Coltrane da Jimmy Smith, sai 'yan kaɗan na mawaƙan gida. Wani dillali ya taya su gaba ɗaya. Yana so ya san ko suna da daraja, da yadda zai saurare su. Ya ƙara da cewa ya gwada jin jaz a wayarsa, sai ya ji kamar kowane makaɗi harkar gabansa yake yi.

To ɗana, Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa ya huta, Ya ba ku haƙurin rashi. Amsata a taƙaice ita ce kada ka sayar a dunƙule, kada kuma ka ɗora allura a kan ko ɗaya tukuna. Tun da kayan gado ne, ka sanar da sauran magada halin da ake ciki, ka roƙe su wata biyu. Na yi shekaru ina aikin ɗaukar sauti da kula da ɗakin ajiyar faya-fayai a wani gidan rediyo, na kuma fi shekara arba'in ina tara nawa, kuma sau da yawa na ga yadda rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Mai taya kwali a dunƙule, galibi faifai biyu ko uku ya hango a ciki, sauran gyara ne.

Sai dai kada ka sa rai da yawa. Sunan makaɗi kaɗai ba ya sa faifai tsada. Abu uku ake dubawa: bugu na nawa ne, lafiyar faifan, da lafiyar kwalinsa. Na farkon shi ya fi rikitar da mutane, don haka bari in daɗe a kansa.

Faifai ɗaya ana iya buga shi sau hamsin a ƙasashe goma. Ɗauki misalin kamfanin Blue Note, wanda Alfred Lion ya kafa a New York a 1939. In Art Blakey da Jimmy Smith ɗin da ka gani suna da takardar tsakiya mai launin shuɗi da fari, to nasu ne. Masu tara faya-fayai a duniya sun fi haukacewa a kan bugun da aka yi kafin a sayar da kamfanin ga Liberty a tsakiyar shekarun 1960. Ga yadda za ka gane. Ka karanta adireshin da ke jikin takardar tsakiya. In ka ga 47 West 63rd, ko New York USA, kana kusa da tsohon bugu. In ka ga sunan Liberty ko United Artists, na baya-bayan nan ne. Sannan ka fita tsakar gida da hantsi, ka karkata faifan ga rana, ka duba ɗan filin nan mai santsi da ke tsakanin ƙarshen kiɗa da takardar tsakiya. Akwai rubuce-rubuce a nan da yawancin mutane ba su taɓa lura da su ba. Ka nemi haruffan RVG ko sunan Van Gelder. Wannan hatimin Rudy Van Gelder ne, injiniyan da ya ɗauki mafi yawan faya-fayan kamfanin, da farko a falon gidan iyayensa a Hackensack, daga 1959 kuma a ɗakin da ya gina a Englewood Cliffs, duk a jihar New Jersey. Ka kuma nemi wata 'yar alama da ta yi kama da kunnen mutum. Tambarin masana'antar Plastylite ne, wadda ta riƙa buga musu faifai a wancan zamanin. In adireshi da hatimi da kunne suka haɗu a faifai ɗaya, kuma ba shi da karce, to ka ware shi gefe, ka sa masa ido. Akwai irinsu da ake sayarwa dala dubbai, kamar wani faifan Hank Mobley mai lamba 1568, saboda kaɗan aka buga.

Amma gaskiya, irin waɗannan ba su cika zuwa Kano ba. Abin da iyayenmu suka tara yawanci bugun Ingila ne ko Holan ko Jamus, ko bugun Amurka na shekarun 1970, waɗanda ɗalibai da ma'aikata suka riƙa dawowa da su daga kwas, ko aka saya a kantunan Sabon Gari. Sautinsu yana da kyau ƙwarai, wani lokacin har ya fi tsohon bugun da aka ci zalinsa, amma kuɗinsu a kasuwar duniya ba ya taka kara ya karya. Hanya mafi sauƙi ta tantancewa ita ce ka rubuta lambar da ke gefen kwali da wadda ke cikin filin nan mai santsi, ka nema a shafin intanet na Discogs. Za ka ga jerin duk bugun da aka sani na wannan faifan, da farashin da aka taɓa sayar da shi. Ka duba abin da aka saya, ba abin da mai kaya ya yanka ba, don ko a Kurmi ka san bambancin kuɗin da aka faɗa da kuɗin da aka sallama.

Game da lafiyar faifai, masu saye suna da matakai, daga wanda bai taɓa ganin allura ba har zuwa wanda ake ji da ƙyar. Faifan da ke da karcen da farcenka yake ji in ka shafa, darajarsa ta faɗi ƙasa warwas, ko da bugun farko ne. Rubutun biro a kwali ma yana rage kuɗi, kuma ka san iyayenmu ba sa sayen faifai ba su rubuta sunansu da kwanan wata a kai ba, don gudun masu aro. Ni dai wannan rubutun yana burge ni fiye da kwali mai tsabta, amma mai saye daga Japan ba ruwansa da wannan.

Yanzu ga abin da nake zargin dillalin ya hango. Waɗannan 'yan kaɗan na gida da ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, mai yiwuwa su ne naman. Faifan Miles Davis an buga miliyoyinsa, ko yau ka shiga intanet za ka samu sabo fil. Amma faya-fayan da EMI da Decca da Philips suka buga a Legas a shekarun 1960 da 1970, da yawansu sau ɗaya aka buga su, ba yawa, kuma zafi da ƙura sun cinye mafi yawa. Tun da kamfanin Strut ya fitar da tarin Nigeria 70 a 2001, Soundway kuma ya biyo da jerin Nigeria Special, Turawa suka riƙa zuwa suna bin tsofaffin shaguna suna kwashewa. In akwai Fela na asali, ko Bala Miller, ko wata ƙungiyar da ba ka taɓa jin sunanta ba mai tambarin Afrodisia, ka bincika kafin ka buɗe baki. In kuma akwai ƙananan faya-fayan Shata ko Ɗanmaraya ko wani makaɗin Hausa, ni shawarata ko nawa aka ba ka ka fara sa a kwafe sautin tukuna. Wata waƙar, kwafin da ke hannunka zai iya zama cikin 'yan kaɗan da suka rage.

Sai maganar ajiya, wadda ita ce gaggawa. Yau ɗin nan ka fito da su daga ƙarƙashin gado. Abokan gabar faifai a garin nan uku ne: zafi, ƙura, gara. Faifai roba ce, zafin bazarar Kano kuwa yana wuce digiri 40 a watan Afrilu, ɗaki mai rufin kwano ba silin ya fi haka. Na taɓa sayen wani faifan Cannonball Adderley da na yi shekara biyu ina nema, na ajiye shi a kujerar bayan mota na shiga Kantin Kwari sayen shadda. Awa ɗaya da rabi. Da na fito na zaro shi daga kwali, ya lanƙwashe kamar faifan rufe ƙwaryar fura. Na danne shi tsakanin gilasai biyu wata guda, ya ɗan miƙe, amma har yau in ya juya allura hawa da gangara take yi kamar mota a hanyar ƙauye. Saboda haka ka jera su a tsaye kamar littattafai, kada ka ɗora wani kan wani, kada kuma su jingina a karkace. Ka nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da taga, a kan kanta, ba a ƙasa ba, kuma kada su taɓa bango. Gara ba ta cin roba, amma tana cin kwali, ƙasar da take bari a cikin layukan faifai kuwa sai ka ce siminti.

Wanki ba wuya. Ka nemi tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ka tabbata ruwan zalla ne ba mai asid ba. Ɗigon sabulun wanke-wanke ɗaya a kofi ya isa. Da ƙyalle mai laushi marar gashi, ka bi layukan a zagaye, kada ka gitta su, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Ka ɗauraye, ka jingina a inuwa ya bushe. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin gishiri a cikin layi. In akwai faifai mai nauyi, mai kauri, da aka rubuta 78 a jikinsa, wannan ba roba ba ne, da wani irin ƙaro ake yin sa, yana fashewa kamar tangaran, kuma sifirit yana narkar da shi. Kada ka kusanto masa da shi ko turare. Da hunturu kuma za ka ga faifai yana jan ƙura kamar maganaɗisu saboda bushewar iska, sai ka riƙa share shi da burushi mai laushi kafin kowane juyi.

Na'urar saurare ita ce inda mutane suka fi yin ɓarna. Faya-fayai iri uku ne: mai juyi 78 a minti, wanda galibi gefe ɗaya bai fi minti uku da 'yan kai ba; babba mai juyi 33 da sulusi, wanda Columbia ta fito da shi a 1948; da ƙarami mai juyi 45 na RCA Victor daga 1949. Tsohon garmahon da ake wana shi da hannu, mai allurar ƙarfe, na 78 ne kawai. Ka ɗora masa babban faifai sau ɗaya, ka kashe shi har abada. In na'urar Baba tana nan, kada ka amince da allurarta, ka sa sabuwa. Allurar lu'ulu'u tana yin awa ɗari biyar zuwa dubu ne ta dakushe, dakusasshiya kuwa huɗa take yi a cikin layi kamar garma. Nauyin da ya kamata ta danna faifai wajen giram biyu ne. Ka tuna yadda ake ɗaura kwabo da roba a kan hannun na'ura don kada allura ta yi tsalle? Wannan dabarar ta kashe faya-fayai a Kano fiye da gobara.

Akwai kuma tarkon wuta. Wutar Najeriya bolt 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa, ta Amurka 120 mai bugu 60. In ka sayi na'urar Amurka ta gwanjo, taransifoma zai gyara maka ƙarfin wutar, amma ba zai gyara bugun ba. Na'urar da injinta ke bin bugun wuta za ta juya wajen 28 maimakon 33, ka ji Miles Davis kamar bai karya kumallo ba. Ƙaramin janareto ma haka yake yi, sauti ya riƙa hawa yana sauka. Maganinsa na'ura mai daidaita gudunta da kanta, irin Technics SL-1200 da danginta, ko ka haɗa da inbata mai kyau. Sannan amfilifayarka sai tana da ramin da aka rubuta Phono, in babu sai ka sayi ɗan akwatin da ke wannan aikin, in ba haka ba za ka ji sauti siriri kamar kukan sauro. Masu gyaran rediyo na da, irin dattawan da suka rage a Sabon Gari, sun san wannan aikin sarai.

Wani abin dariya a kan gudu: shahararren faifan nan na Miles Davis, Kind of Blue, da aka ɗauka a watannin Maris da Afrilu na 1959, gefensa na farko ya fito da ɗan sauri fiye da yadda aka kaɗa, saboda na'urar ɗaukar ba ta juya daidai ba a ranar. Sama da shekara talatin duniya tana jin sa a haka, sai a 1992 aka gyara. Wato tsohon bugun da ake rububi, shi ne mai kuskuren.

To mu zo ga kunnenka, wanda shi ne ya fi damuna. Ka ce ka ji kamar kowa harkar gabansa yake yi. Kai da ka tashi kana jin Shata ai ka riga ka san dokar wasan, ba ka dai gane ta a baƙon kaya ba ne. Masu kalangu suna riƙe kiɗa, 'yan amshi suna riƙe baitin da ake komawa, shi kuma yana ƙirƙirar magana nan take, ya yi nisa ya dawo ya faɗa daidai kan amshi. Jaz ɗin da ke kwalinka haka aka gina shi. Da farko duk makaɗan za su kaɗa karin waƙar tare sau ɗaya ko biyu. Daga nan kowa zai karɓa bi da bi, mai busa saksofon, mai turamfet, mai fiyano, yana ƙirƙirar nasa a kan wannan zagayen dai, wanda galibi gaɓa 12 ne ko 32, ana ta maimaita shi a ƙasa. A ƙarshe su koma kan karin farko su rufe. Abin da ya ɓatar da kai shi ne ka bi mai busa, shi kuwa yawo ya fita. Ka bar shi. Ka kafa kunnenka a kan bes, ƙaton abin kiɗan nan mai tsirkiya huɗu da ake tsayarwa a ƙasa, da farantin ƙarfen da mai ganga yake kaɗawa. Su ne kalangun. In ka kama su, ka riƙa rera karin farko a ranka, za ka ji mai busan yana zagaya shi ne, bai taɓa barinsa ba. Sifikar waya ba ta fitar da bes, shi ya sa ka ji hayaniya.

In akwai Moanin' na Art Blakey a cikin kwalin, da shi za ka fara. An ɗauke shi a Oktoban 1958. Mai fiyano Bobby Timmons yana ba da waƙa, masu busa Lee Morgan da Benny Golson suna amsawa da sauti biyu, kamar ana cewa amin. Ba Bahaushen da zai ji wannan bai gane ba. Daga nan ka koma Kind of Blue, inda a kiɗan farko bes ne yake bayarwa saura su amsa. Jimmy Smith da organ ɗinsa ba ya buƙatar bayani, ƙafarka za ta gaya maka. Coltrane kuwa ka duba shekara. Blue Train na 1957 ruwan sanyi ne. A Love Supreme, da aka ɗauka a Disambar 1964, sai ka ɗan kwana biyu. Abin da ya yi daga 1965 zuwa rasuwarsa a 1967, ka bar shi sai baɗi, ko ni akwai waɗanda har yanzu ba na iya kai su ƙarshe.

Kada ka ɗauka mahaifinka baƙon abu ya ɗauko wanda ba shi da alaƙa da mu. Mutanen zamaninsa da yawa sun fara jin jaz ne da daddare a gajeren zango, a shirin Willis Conover na Muryar Amurka da ya fara a 1955. Louis Armstrong ya zo Najeriya a 1960, akwai hotonsa da Sardauna a Kaduna. Su ma makaɗan can idonsu yana nan. Sonny Rollins ya rubuta Airegin a 1954, ka karanta sunan daga ƙarshe ka ga abin da ya ba ka. Art Blakey ya musulunta, ya ɗauki sunan Abdullah ibn Buhaina, kuma a 1962 ya yi faifan The African Beat tare da makaɗin Najeriya Solomon Ilori. Tony Allen, mai gangar Fela, ya sha faɗin cewa daga faya-fayan masu ganga Blakey da Max Roach ya koyi abubuwa da yawa, har ya yi faifan girmama Blakey a Blue Note a 2017.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Yusef Lateef, mai busa saksofon da sarewa, Musulmi, wanda ya tashi a Detroit. Ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, ya mai da hankali a kan sarewar Fulani, ya kuma haɗa hannu da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi a kan kiɗa da wasannin Hausa. Faifansa In Nigeria a Legas ya ɗauke shi a 1983. Shi ma kalmar jaz ɗin ba ya son ta, yana ganin ta ƙasƙantar da kiɗan. Da ya san abin da 'yan Kudu suke nufi da jaz a Turancin buroka, wato asiri, ban san ko zai ƙara tsanar ta ba ne ko zai yi dariya. Ka duba kwalin da kyau, in akwai Eastern Sounds nasa na 1961, ka sa shi bayan sallar isha, lokacin da unguwa ta yi shiru.

Abin da zan so ka yi cikin makon nan: ka sami littafin rubutu, kowane faifai layi ɗaya, sunan makaɗi, sunan faifai, kamfani, lamba, ƙasar da aka buga, da abin da idonka ya gani na karce ko lanƙwasa. In Baba ya rubuta kwanan wata a kwali, ka rubuta shi ma, ka jera su bisa shekarun da ya saye su, za ka ga da me ya fara da kuma inda kunnensa ya kai shi. Faifan da ka ga kwalinsa ya fi kowanne tsufa, gefensa ya sule, takardar tsakiya ta yi zane-zanen neman rami a duhu, dillali ba zai ba ka ko sisi a kansa ba, amma shi mahaifinka ya fi sawa. Ka wanke shi, ka sa sabuwar allura, ka kira Hajiya ta zauna, ka tambaye ta ko ta tuna shi. Sauran kuma, in jerin ya kammala ka aiko mini, mu bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ka koma wa dillalin da amsa.